Masu Hayaniyar Jiya, Masu Tsawatarwar Yau: Tarihin Tsararraki a Kiɗan Hebi Metal

Ƴan uwa ɗalibai, a wanga karo za mu bar gida mu leƙa tarihin wani kiɗa da mafi yawanmu ba ma saurare. Wasunmu ma in suka ji shi na minti guda sai su ce a kashe, kai na sarawa. Sunansa hebi metal, ma'anar sunan kuwa ƙarfe mai nauyi. Kiɗa ne na gita mai lantarki da aka ƙure wa murya har tana gurnani, da ganguna masu ƙarfi, da mawaƙi mai ihu ko ruri. An haife shi a Ingila, ya yi ƙiba a Amurka, yau kuma yana da masoya tun daga Barazil har Indunusiya.

Kiɗan ya haura shekara 50 a duniya. Ke nan yau a wurin wasa guda ana iya ganin kaka da ɗa da jika, kowa da baƙar riga. Sai dai ba sa raba gardama. Kowace tsara ta shigo ana kiranta ƴar hayaniya, ta sha zagi, ta jure. Da ta yi furfura kuma sai ta tsaya a bakin ƙofa tana ce wa ta bayanta: naku ba metal ba ne. In aka bi wannan rigima a hankali, za a ga kaɗan ne daga cikinta ya shafi sauti. Mafi yawa ya shafi hanyar da kiɗan ya iso hannun mutum, da irin wahalar da ya sha kafin ya same shi. Bari mu bi su tsara tsara.

Ƴaƴan masana'anta, 1970

Birmingham birni ne na maƙera da masana'antu a tsakiyar Ingila. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen Jamus sun yi masa ruwan bama-bamai, yaran da aka haifa bayan yaƙin sun tashi suna wasa cikin kangwaye. A unguwar Aston ta wannan birni samari huɗu suka haɗu: Tony Iommi, Ozzy Osbourne, Geezer Butler da Bill Ward. Ƴaƴan talakawa ne. Ozzy ya bar lakwal yana da shekara 15, ya yi aiki a mayanka, har gidan kaso ya leƙa na ƴan makonni saboda sata. Iommi kuwa a masana'antar fallen ƙarfe yake aiki.

Yana da shekara 17, a ranar da ya yi niyyar barin aikin don ya rungumi kiɗa, inji ya datse masa kawunan yatsu biyu na hannun dama. Ga shi bahago ne, wato da hannun daman nan yake danna tsirkiya. Bai haƙura ba. Ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun ƴan huluna, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don su rage masa zafi. Tsirkiya in ta sassauta muryarta ƙasa take yi. Wannan na cikin abin da ya ba kiɗansu nauyin da aka san shi da shi.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970 ƙungiyarsu, Black Sabbath, ta fitar da faifanta na farko, wanda aka ɗauka cikin wuni guda. Ƴan jarida masu sharhin kiɗa sun yi masa dariya. Samarin leburori kuwa suka yi ta saye har ya kai na 8 a jerin cinikin Birtaniya. A wannan shekara dai suka ƙara fitar da Paranoid, shi ya kai na 1. A cikinsa akwai waƙar War Pigs, mai tsine wa manyan da ke tura ƴaƴan talakawa yaƙi su kuma suna zaune, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam.

Masoyan wannan tsara galibi samari ne ma'aikata. A can Kalifoniya ana ta waƙar furanni da soyayya, su kuma abin da suke gani kullum hayaƙi ne da ƙarar guduma. Abokan gardamarsu iyayensu ne, da limaman coci, da ƴan jarida. A cikin gida babu rigima tukuna, don babu wanda ya riga wani. Sunan metal ɗin ma bai dami su Ozzy ba. Wata ƙungiya ta yankin, Judas Priest, ita ce ta rungumi sunan hannu biyu, kuma wajen 1978 ta fito da tufafin baƙar fata masu ƙusoshi da suka zama kamar yunifom.

Ƙanne sun taso

Kafin 1980 manyan ƙungiyoyi sun yi kuɗi, sun yi nisa da unguwa. Shaye-shaye ya ci wasu, har aka kori Ozzy daga Black Sabbath a 1979. A 1976 da 1977 kuma kiɗan pank ya ɓarke a Landan, samari suna cewa waɗannan manyan duk sun tsufa, kowa ya ɗauki gita ya buga ko bai ƙware ba. Ƙannen masoyan metal suka ari abu biyu daga pank: sauri, da yi wa kai hidima ba tare da jiran kamfani ba.

A Mayu 1979, watan da Margaret Thatcher ta hau mulki, jaridar kiɗa ta Sounds ta raɗa wa wannan yunƙuri suna, sabon tashin metal na Birtaniya. Iron Maiden daga gabashin Landan, Saxon daga Barnsley garin masu haƙar kwal, Def Leppard daga Sheffield garin ƙarfe, Venom daga Newcastle. Iron Maiden da kansu suka buga ƙaramin faifansu na farko a 1979, kwafi 5,000, suka sayar mafi yawa ta gidan waya. Zuwa 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3, masana'antun da iyayensu suka yi aiki a ciki suna ta rufewa. Saurayin da ba shi da aiki yana da lokaci, yana da haushi, kiɗan nan kuma ya ba shi dangi.

A wannan zamani ne wata al'ada ta kafu wadda za ta yi tasiri daga baya. Masoyi zai samu jaket ɗin jins ya yanke hannuwan, ya riƙa ɗinka masa tambarin kowace ƙungiya da yake so da kowane wasa da ya halarta. Rigar ta zama takardar shaida. Da ganin ta kawai an san shekarun da mutum ya yi a harkar. Wanda tasa ta koɗe ta yage shi ne babba, mai sabuwa fil yaro ne. Girma ya samu ma'auni, kuma duk inda girma ya samu ma'auni, raini na nan tafe.

Gida ya rabu biyu: ƴan tele da ƴan kaset

Ranar 1 ga Agusta 1981 aka buɗe tashar MTV a Amurka, mai nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana. Tele tana son abin kallo. A Los Angeles sai ga ƙungiyoyi irin su Mötley Crüe da Ratt da Poison, maza da gashi a tsefe sama, da kwalli da jan baki, suna waƙar mata da holewa. A Nuwamba 1983 faifan Quiet Riot ya kai na 1 a jerin Billboard, abin da metal bai taɓa yi ba a Amurka. Miliyoyin yara, har da ƴan mata da yawa, ta wannan ƙofa suka shigo.

A gefe guda akwai wasu samari da suka ga wannan a matsayin cin amana. Ɗaya daga cikinsu Lars Ulrich ne, ɗan Denmak da ya koma Amurka, wanda ya haukace da ƙungiyoyin Birtaniya. Shi da James Hetfield suka kafa Metallica a 1981. Kiɗansu, wanda ake kira tirash, sauri ne da fushi, ba kwalliya. Radiyo ba ta sa shi, tele ba ta nuna shi. To ta yaya ya yaɗu? Ta kaset.

Ga yadda abin yake. Saurayi zai ga adireshin wani a bayan wata ƴar mujalla da aka buga da fotokofi, irin wannan da ke hannunku. Zai rubuta masa wasiƙa da jerin kaset ɗin da yake da su. Wancan ya amsa da nasa jerin. Sai kowa ya kwafa wa ɗan uwansa, ya sa a ambulan, ya jira makonni. Wasu har gam suke shafa wa tambur, don a goge hatimin gidan waya a sake amfani da shi. Kaset in an kwafe shi sau biyar ko shida sautin duk ya dushe, amma a haka ake sauraro ana murna. Kaset ɗin gwaji da Metallica ta yi a 1982 ta wannan hanya ya zaga duniya. Ta nan ne kuma samarin Belo Horizonte a Barazil, waɗanda suka kafa Sepultura a 1984, suka samu masu jin su a Turai.

Shekarar 1986 ita ce ƙololuwar wannan tsara: Metallica ta fitar da Master of Puppets, Slayer ta fitar da Reign in Blood, faifan da bai cika minti 30 ba saboda tsabar sauri. Masoyansu suka ƙirƙiro babban zagin da har yau ake amfani da shi, wato a kira mutum ɗan kwaikwayo, mai sa riga bai san abin da ke cikinta ba. A ganinsu wanda ya zauna tele ta kawo masa kiɗa har ɗaki ba daidai yake da wanda ya rubuta wasiƙa ya jira wata guda ba.

Abin lura, da maƙiyi ya taso daga waje sai gidan ya haɗu. A 1985 wasu matan manyan ƴan siyasa, ciki har da Tipper Gore, suka kafa ƙungiyar PMRC, suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka ce suna lalata tarbiyya, fiye da rabinsu na metal da danginsa. A Satumba na shekarar aka yi zama a majalisar dattawan Amurka. Wanda ya je ya kare kiɗan da hujja kuwa Dee Snider ne na Twisted Sister, ɗaya daga cikin masu kwallin nan da ake wa gori. A 1990 kuma aka kai Judas Priest kotu a Nevada bisa zargin wai saƙon ɓoye a faifansu ya sa wasu samari biyu harbin kansu. Alƙali ya wanke su. A irin waɗannan ranaku ba mai tambayar ɗan uwansa ko ɗan tele ne ko ɗan kaset.

Inda neman tsarki ya kai

A 1991 ƙasa ta juya. A Agusta Metallica ta fitar da faifanta mai baƙin bango, waƙoƙin sun rage sauri, radiyo ta karɓa, aka sayar da miliyoyi. Tsoffin masoyanta na zamanin kaset suka ce ta sayar da kanta. A Satumba kuma Nirvana ta fito da Nevermind, kasuwar masu kwallin Los Angeles ta mutu kusan dare ɗaya. A 1996 ƴan Metallica suka aske gashinsu, aka yi ta kuka kamar an yi rasuwa.

A ƙasar Nowe, wasu samari, da yawansu ba su wuce shekara 20 da ɗan kai ba, suka yanke cewa duk metal ya lalace, har da na yayyensu. Suka taru a wani ɗan shagon faifai a Oslo, na wani mai laƙabin Euronymous, jagoran ƙungiyar Mayhem. Suka riƙa ɗaukar kiɗa da mummunan sauti da gangan, don kada ya yi wa kowa daɗi, kada ya sayu. Gasar ta zama wa ya fi wani zama na gaske. Baki ya gaza, aka koma aiki. A Yuni 1992 aka ƙone cocin katako na Fantoft kusa da Bergen, gini mai ɗaruruwan shekaru, wasu coci-coci suka biyo baya. A Agusta 1993 Varg Vikernes ya kashe Euronymous da wuƙa. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21, hukunci mafi tsanani a ƙasar a wancan lokaci.

Waɗannan ƴan tsiraru ne ƙwarai a cikin miliyoyin masoya, kuma mafi yawan masu jin baƙin metal a yau ba ruwansu da ƙone-ƙone. Amma labarinsu yana nuna inda hanyar take kaiwa. In dai darajarka ita ce ka nuna ka fi kowa tsarki, kullum sai ka nemo wanda za ka kora, har da'irar ta ƙuntata ta rage kai da abokinka, sannan ka juyo kansa.

Yaran manyan wanduna

A 1994 ƙungiyar Korn daga Bakersfield ta Kalifoniya ta fito da wani salo. Gita mai tsirkiya 7 da muryarta ke can ƙasa, rawar rap, ga kuma waƙoƙi kan abin da metal bai saba faɗa ba: cin zali a makaranta, rabuwar iyaye, cin zarafin yara, kaɗaici. Limp Bizkit, Slipknot mai mutum 9 cikin ababen rufe fuska, da Linkin Park suka biyo baya. Faifan Linkin Park na Oktoba 2000, Hybrid Theory, ya sayu fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Aka kira salon nu metal, wato sabon metal.

Yaran sun zo da wando burgujeje, da hular hana sallah, da kayan Adidas. Ƴan tirash, waɗanda yanzu suka doshi shekara 35, suka ce sam: ina doguwar gwanintar gita, mi ya kawo rap, wannan ai kukan shagwaɓaɓɓu ne. Sun manta cewa Anthrax, ɗaya daga cikin jagororinsu, ta yi waƙa tare da ƴan rap na Public Enemy tun 1991. A 2002 aka buɗe wani babban kundin intanet mai suna Encyclopaedia Metallum, mai ƙoƙarin lissafa kowace ƙungiyar metal ta duniya, kuma ya ƙi sa su Korn da Slipknot a ciki. Kora ta samu rajista.

Wanda ya buɗe musu ƙofa kuwa kakan gidan ne. Bikin Ozzfest, da Ozzy da matarsa Sharon suka fara a 1996, shi ya ɗora yawancin waɗannan yara a kan dandali. Sau da yawa haka abin yake: uba ke takura wa ɗa, kaka kuwa wasa yake da jika.

Laifi tudu ne

A 1999 wani ɗalibi ɗan Amurka ya ƙirƙiro Napster, manhajar da ke ba mutane damar musayar waƙoƙi ta intanet kyauta. A Afrilu 2000 Metallica ta kai ƙara kotu. Lars Ulrich da kansa ya kai wa kamfanin takardu ɗauke da sunayen mutum fiye da 300,000 da ke musayar waƙoƙinsu, aka toshe su. Yara suka ce: ashe? Ba kai ne kaset ɗinka ya zaga duniya ta kwafi ba?

Gaskiya kowane ɓangare yana da magana. Ulrich ya hango abin da ya faru daga baya: cinikin faifai ya rushe, ƙananan ƙungiyoyi suka rasa abin da suke ci da shi. Kuma kwafin kaset ɗaya bayan ɗaya ba daidai yake da raba wa duniya gaba ɗaya cikin daƙiƙa ba. Amma a idon yaron da aka toshe, mutumin da ya hau da tsani ne ya janye tsanin. Daga wannan shekara ne kuma ma'aunin girma ya fara karyewa. Da, sanin wata ɓoyayyar ƙungiya ta Suwidin ko Barazil yana buƙatar shekaru da tambur da haƙuri. Da YouTube ya zo a 2005, sannan su Spotify, yaro ɗan shekara 14 na iya jin abin da babba ya tara cikin shekara 20 a hutun mako guda.

Tsarar wayar hannu

Ƴan wannan tsara ba su san shinge ba. A waya guda akwai Slayer, akwai rap, akwai waƙar Koriya, kuma ba sa jin kunyar haka. A 2010 aka kafa Babymetal a Japan, ƴan mata uku masu rawa da zaƙin murya a kan kiɗa mai nauyi. Tsoffin masoya suka ce wasan yara ne. A 2016 sai ga Rob Halford na Judas Priest, wanda ake wa kirari da ubangidan metal, ya hau dandali ya yi waƙa tare da su. A garin Garut na Indunusiya, wasu ƴan mata ƴan makarantar Islamiyya masu sanye da hijabi suka kafa Voice of Baceprot a 2014. Sun sha suka daga wasu manya a gida, suka sha kallon raini daga wasu masoya a waje, amma a 2022 suka yi wasa a Wacken ta Jamus, babban bikin metal na duniya.

A Yuli 2022 wani fim mai dogon zango na Netflix, Stranger Things, ya sa waƙar Master of Puppets a wani fage. Waƙar da ta shekara 36 ta shiga jerin Billboard na waƙoƙi 100 a karon farko. Yara suka cika TikTok da ita. Wasu tsoffin masoya suka fusata, wai an shigo musu gida ba sallama. A wannan karo Metallica ta fito fili ta ce kowa maraba da shi, ko ya shekara 40 yana jin su, ko jiya ya fara.

Yau ma gardamar ba ta ƙare ba. Ana yi a kan Sleep Token, ƙungiyar Ingila mai gauraya salo iri-iri, da ta jagoranci dare guda a bikin Download na 2025. Ana yi a kan ɗaga waya a wurin wasa, har ƙungiyar Ghost ta hana waya a rangadinta na 2025. Wani abin dariya shi ne, ƴan nu metal da aka kora a 2000 yanzu sun haura 40, su ma sun fara cewa yaran yanzu ba su san kiɗa ba.

Mi ke ƙarƙashin rigimar?

Abu na farko wahala ce. A garuruwa da yawa sa baƙar riga da barin gashi yana da farashi: duka a makaranta, kora daga aiki, wani wuri ma kamu. A Alƙahira a 1997 an kama gomman samari masu jin metal bisa zargin bautar shaiɗan. A Kasabalanka a 2003 an yanke wa 14 hukuncin ɗauri, sai da jama'a suka yi zanga-zanga aka sassauta. Wanda ya biya irin wannan farashi, in ya ga rigar Iron Maiden a kantin ƴan gayu a jikin wanda bai san waƙarsu ko ɗaya ba, dole ransa ya sosu. Wannan ba hassada kawai ba ce, kuma ya kamata yaro ya fahimce ta.

Na biyu shekaru ne. Kiɗan da ya kama mutum yana da shekara 15 ko 17 yana haɗe da abokansa, da soyayyarsa ta farko, da fushinsa na farko. In ya ce metal ya mutu a 1991, galibi ƙuruciyarsa ce ta ƙare a shekarar. Jiki ma yana faɗa masa: Tom Araya na Slayer sai da aka yi masa aiki a wuya a 2010, ya daina kaɗa kai irin na da. Ronnie James Dio ya rasu a 2010, Lemmy na Motörhead a 2015. Mai ganin jarumansa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya yakan ƙanƙame abin da ya rage.

Na uku kuwa lissafi ne da ba a son faɗa. Manyan bukukuwa har yau sun dogara da ƙungiyoyin da aka kafa kafin 1990, mambobinsu sun haura 60, wasu 70. In ba a bar sababbi sun girma ba, ranar da waɗannan suka ajiye gita babu mai cika fili. Kowane yaro da aka kora da tambayar nan ta wulaƙanci, kawo sunan waƙa uku in kai masoyi ne, tikiti ne guda da ba za a saya ba nan da shekara goma. Mai tsaron ƙofa yana jin gida yake karewa, alhali yunwa yake jawo masa.

Komawa Aston

Ranar 5 ga Yuli 2025, mutum huɗun nan na asali suka haɗu a filin ƙwallon Villa Park, tafiyar ƙafa kaɗan daga gidajen da suka tashi, don wasan bankwana. Ozzy yana fama da cutar Parkinson, a zaune bisa kujera ya yi waƙa. Kafin su fito, Metallica da Slayer da Anthrax na zamanin kaset sun yi wasa, Gojira ta Faransa ta yi, mawaƙan tsarar baya ma sun yi, har da Yungblud da aka haifa a 1997. Mutum fiye da 40,000 ne a filin, masu furfura da ƴaƴansu. Kwana 17 bayan haka, ranar 22 ga Yuli, Ozzy ya rasu yana da shekara 76.

Metal bai yi saiwa a ƙasarmu ba, amma hanyar da ya bi mun san ta. Kafin intanet ya wadata, mu ma ta Bluetooth da katin waya waƙoƙi suke yawo daga fada zuwa fada, daga tasha zuwa tasha. Ta haka waƙoƙin farko na Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, suka zaga Sahara, har wani Ba'amurke ya tsince su ya sa ɗaya a faifan da ya tattara na kiɗan wayoyin Sahara. Shi ma bahago ne, shi ma da hannunsa ya ƙera gitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma yau masoyan gita mai nauyi a Turai da Amurka suna cika ɗakunan wasansa. Mun kuma san yadda aka karɓi rap a Yamai a ƙarshen shekarun 1990, zamanin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass-Wong, sa'ad da manya ke cewa wannan shirme ne na ƴan iska. Yayyenmu da suka sha wannan zagi, ku saurare su yau in ƙannenmu suka kunna abin da suke ji a TikTok.

Mu ma layin na zuwa kanmu, nan da shekara 15 ko ƙasa da haka. Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san wa ya fara, ya san abin da aka sha. Wannan sani yana iya zama sanda, yana iya zama gado. Wanda ke da tsoffin kaset ko katin waya a akwati, ya fito da su ya kunna wa ƙaninsa, ya faɗa masa sunayen da shekarun. In ya gama, ya karɓi wayar yaron ya saurari waƙa guda har ƙarshe kafin ya yi magana.